Hangen Dala: yadda muka kai Inna daga Kaduna zuwa filin jirgin Kano

Saƙon Yaya ya shigo ne bayan sallar isha'i, ina kan tabarma ina hura shayi saboda sanyin hunturu. Hoton taswira ya turo, an ja miƙaƙƙen layi daga filin jirgin saman Kaduna zuwa na Malam Aminu Kano, a ƙasa an rubuta kilomita 200, tafiyar jirgi minti talatin da 'yan kai. Kafin in gama dubawa muryarsa ta biyo baya: "Ka ga abin da nake gaya maka ko? Kada ka wahalar da Inna a mota da wannan gwiwar tata. Ka yankar mata tikiti daga nan Kaduna, ta sauka Kano, ta wuce jirgin Jidda. Ni zan biya."

Yaya a Fatakwal yake aiki, ya fi shekara goma can, kuma duk zuwansa gida ta sama yake zuwa. Niyyarsa mai kyau ce, ni ma da na ga hoton sai da raina ya biya. Inna za ta tafi Umara tare da ƙanwarmu, kamfanin jirgin yawon da ya yi musu biza a Kano yake, jirginsu zai tashi daren Alhamis. Saura kwana tara. Ita kuwa Inna ko zaman kujerar asibiti na awa ɗaya ta yi, sai an kama ta take miƙewa. Sai na ce masa to, in sha Allahu gobe zan bincika.

A daren nan na fara da waya. Shafi na farko ya ce 200, na biyu ya ce 124, na uku ya ce 108. Na ɗauka ɗayansu ne ke ƙarya, ashe duk gaskiya suka faɗa, ma'aunin ne ya bambanta. Na farko kilomita ne. Na biyu mil ne irin wanda iyayenmu suka saba da shi kafin a koma kilomita, wanda har yau ya bar sunansa a wurare irin su Mil Tara. Na uku kuma mil ɗin teku ne, da shi matuƙan jirgin sama da na ruwa suke lissafi, kowane ɗaya kilomita 1.852. Wani abin da ya kusa ruɗa ni shi ne lambar filayen: Kaduna KAD, Kano KAN. Harafi ɗaya ne tsakaninsu, mai gyangyaɗi zai iya sayen tikitin garin da yake zaune a ciki. Duk shafin da na shiga yana gaya mini nisa da mintuna, amma da na latsa wurin neman tikiti sai ya yi ta juyi, can ya kawo mini tafiyar awa tara, wata ma har da kwana.

Washegari na je ofishin wani mai yankan tikiti a titin Ahmadu Bello, wanda na taɓa saya a wurinsa. Na faɗa masa buƙatata, ya cire tabarau ya dube ni.

"Malam, Kaduna zuwa Kano a jirgi? Kai tsaye?"

Na nuna masa hoton Yaya. Bai yi mini dariya ba, Allah ya saka masa, sai ya juyo da fuskar kwamfutarsa ya ce in matso in gani da idona. A duk wannan makon babu jirgin fasinja ko ɗaya da zai tashi daga Kaduna ya sauka Kano. Abin da ya samu shi ne a tashi Kaduna a je Legas, a zauna, a hau wani jirgin zuwa Kano. Ya ɗauko biro ya rubuta a bayan wata tsohuwar rasit: Kaduna zuwa Legas kilomita 630 da ɗoriya, Legas zuwa Kano sama da 830. Ya ja layi ya haɗa. Sama da kilomita 1,400 domin a cimma garin da ke kilomita 200, wato ninki bakwai. Ya ce akwai dabara ta biyu, a kai ta Abuja a jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu, a ɗauki mota zuwa filin jirgi, sannan ta hau na Kano. Wannan ma ai juya wa Kano baya ne a yi kudu kusan kilomita 190 kafin a fuskanci arewa. Hawa da sauka sau uku ga tsohuwar da ake so a hutar.

Sai ya ƙara da abin da ban taɓa tunaninsa ba. Tikitin Jidda daban yake, na cikin gida daban, ba a haɗe suke ba. In jirgin Legas ya yi latti, ko hazo ya hana shi sauka a Kano, jirgin Jidda ba ruwansa, lokacinsa na yi zai rufe ƙofa ya tashi, kuma babu wanda za ka riƙe wa riga. Ga shi muna tsakiyar hunturu, lokacin da ƙura kan rufe sararin Kano da Kaduna har a yini ana ɗage tashin jirage. Sannan kaya. Nauyin da jirgin ƙetare yake yarda fasinja ya ɗauka ya fi na jirgin cikin gida, saboda haka akwatunan da za su wuce lafiya lau a Kano, a Kaduna sai an biya musu kuɗin ƙari. Inna kuwa na san ta: garin kunu, yaji, kuka, daddawa, man shanu a gora, ba za ta taka ƙasa mai tsarki babu su ba.

Ya ce, "Ka ga ni tikiti nake sayarwa, da shi nake ci. Amma wannan in na sayar maka na cuce ka. Zuba mai a motarka."

Da wani ne ya aiko ni da nan zancen ya ƙare. Amma Yaya ne, kuma na san tambayar da zai yi: ka je filin jirgin da kanka? Zuwa da kai ya fi aike. Ranar Asabar na shiga mota daga gidanmu a Kawo, na mayar da mitar ƙirga tafiya sifili, na bi ta Mando na ɗauki hanyar filin jirgi. Da ka bar hayaniyar shataletalen Mando da 'yan keke da masu lodin Birnin Gwari, sai gari ya fara sirancewa. Ka wuce wajen Afaka inda makarantar horar da hafsoshin soja take, sai gonaki da suka bushe, sai shingayen jami'an tsaro. Da na isa ƙofa mita ta nuna kilomita ashirin da 'yan kai. Abin dariyar, da na dawo gida na sake auna taswira, sai na ga daga ƙofar gidanmu zuwa filin jirgin Kano a miƙe kusan kilomita 200 ɗin ne dai. Wato na ƙona man kilomita ashirin ban matsa kusa da Kano ba, gefe kawai na yi.

Filin ya yi tsit ranar. Wani ma'aikaci da na tarar a wurin awon kaya ya maimaita mini abin da mai tikiti ya faɗa, a gajarce, yana mamakin tambayar. Na ɗan tsaya ina kallon zauren, sai na tuna watan Maris na 2017, lokacin da aka rufe filin jirgin Abuja na mako shida domin gyaran titin saukar jirage, aka karkato da komai nan. Wanda ya ga Kaduna a makonnin nan ba zai manta ba. Manyan mutane da jiniya, motocin safa a jere suna kwasar fasinja zuwa Abuja da rakiyar jami'an tsaro, wasu kuma a kai su tashar Rigasa. Yawancin kamfanonin ƙetare ba su zo ba, amma na Habasha ya zo da ƙaton jirginsa tun ranar farko, muka yi ta alfahari. Ko a lokacin, abin da ake ta muhawara a kansa ba sararin sama ba ne, titin da ke tsakanin garuruwan biyu ne. Bayan shekara biyar, a Maris na 2022, 'yan bindiga suka kai hari wajen filin, kwana biyu tsakani aka tare jirgin ƙasan Abuja, kamfanoni suka janye jiragensu na wani lokaci. Filin da aka buɗe tun 1982 ga shi nan da dogon titinsa, jiragen ne ba yawa.

Wanda ya warware mini sauran ƙullin maƙwabcinmu ne, dattijon da muke kira Baba Injiniya. A makarantar koyon aikin jirgin sama ta Zariya ya yi karatu, wadda aka kafa a 1964, kuma a gyaran jirage ya yi ritaya. Bayan magariba na zauna kusa da shi a dakalin masallaci na kawo masa ƙarar taswira.

Ya ce, "Ɗana, taswirar ba ta yi ƙarya ba. Tsuntsu ta auna wa, ba kai ba."

Ya yi mini bayani dalla-dalla, yana zane da tsinke a ƙasa. Jirgin fasinja irin Boeing 737 in ya daidaita a can sama yana gudun sama da kilomita 800 a awa, ka ga ke nan kilomita 200 rubu'in awa ce. To amma jirgi ba ya fara gudun nan daga ƙasa. Sai ya ja jiki zuwa bakin titi, ya jira izini daga hasumiya, ya tashi, ya yi ta hawa, kuma a ƙasa da ƙafa 10,000 akwai iyakar gudun da aka sa masa. A gajeriyar tafiya irin wannan, kafin ya kai tsayin da ya saba sai a ce ya fara gangarowa. Ba kuma lallai ya bi miƙaƙƙen layin Yaya ba, domin iska ce ke zaɓar ta bakin da za a tashi da ta inda za a sauka, wani lokaci sai ya zaga garin ya dawo. Shi ya sa rubu'in awa take komawa minti talatin da biyar ko arba'in.

"Kuma inda jirgi ya fi shan mai shi ne tashi da hawa," in ji shi. "Kamar tsohuwar mota ce a gangaren dutse tana hawa da giya ɗaya. Ga kuɗin sauka, ga na hasumiya, ga na masu ɗaukar kaya, ga taya da birki da ake ƙirga musu kowace sauka. Duk wannan ko tafiyar kilomita 200 ce ko ta 800 sai an biya. To a raba wa fasinja nawa? Wa zai bar tashar Kawo, inda mota ke cika kafin ka gama cin ƙosai, ya je ya biya wannan?"

Na tambaye shi ko da can ma haka ne. Ya ce a zamanin kamfanin jirgin sama na gwamnati jirgi ɗaya kan taso daga Legas ya sauka Kaduna ya wuce Kano, kamar motar haya mai sauke fasinja a hanya, shi ya sa tsofaffi suke tuna sun taɓa yin wannan tafiyar ta sama. Kamfanin ya rufe a 2003. Na yanzu kowa inda riba take yake nufa, Legas da Abuja.

Daren nan na zauna da takarda na yi lissafin da zan tura wa Yaya. Na ce mu ɗauka ma akwai jirgin kai tsaye. Daga gida zuwa fili minti arba'in. A isa aƙalla awa ɗaya da rabi kafin tashi, saboda awon kaya da bincike da neman keken da za a tura Inna. Minti arba'in a sama. Rabin awa a jira kaya. Awa uku da 'yan mintuna ke nan, in komai ya tafi daidai, babu hazo babu jinkiri. Mota kuwa daga ƙofar gida zuwa Kano awa uku zuwa uku da rabi. Kuma matakalar jirgi ba ta san ciwon gwiwa ba. Na tura masa. Ya yi shiru har safiya, sannan ya rubuto: "To, amma ka tafi a hankali. Kuma kada ku yi dare."

Inna da na je gaya mata, tana tankaɗen garin kunun da na ambata. Na ce, "Inna, a mota za mu kai ku Kano, jirgin bai samu ba." Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Da ma wa ya ce ina son jirgi biyu? Ɗayan ma don babu yadda zan yi ne. Sai mu tsaya Zariya in yi sallama da Gwaggonku."

Na yanke shawarar mu tafi tun Laraba, mu kwana a gidan ƙanwarta a Kurna, kusa da filin jirgin. Talata na kai motar wajen bakanike, aka canza baƙin mai, aka duba birki, na sa mai faci ya gwada iskar tayoyi har da safaya. Na cika tanki, wanda tun da aka cire tallafin mai a 2023 ya zama abin da mutum ke yi yana istigfari. Kujerar gaba muka tura baya iyakarta, muka kwantar da ita kaɗan, aka sa wa Inna filo a ƙarƙashin gwiwa.

Ƙarfe bakwai da 'yan mintuna muka bar Kawo. Hazo ya yi kauri har rana ta zama kamar faifai fari, kana iya kallonta ido da ido. Inna ta karanta addu'ar tafiya muka amsa. Rigachikun, sai Mararrabar Jos, inda tireloli da tankoki suka mamaye gefen titi kamar gadonsu ne, nan muka ɓata kusan minti ashirin muna bin bayan wata mai ɗauke da buhunan masara. Daga nan hanya ta buɗe. Birnin Yero, Jaji da barikinta. Wanda ya san titin nan a shekarun da ake aikinsa, lokacin da ake haɗe motoci a hannu ɗaya kowa na ƙoƙarin wuce kowa cikin ƙura, zai gode wa Allah yanzu. An fara aikin a 2018, kuma ɓangaren Kaduna zuwa Zariya, kilomita 73, da na Zariya zuwa Kano, kilomita 137, sun samu sabuwar kwalta. Sai dai kyan titi ya zo da nasa ciwon. 'Yan ƙananan motocin haya suna wuce ka kamar an harbo su, ga masu babur da ke biyo hannun da ba nasu ba saboda ƙyashin zuwa wurin juyawa. Ni dai na tsaya a kan 90, duk mai sauri ya wuce.

A Zariya sallamar minti goma ta zama ta awa ɗaya da kwata. Gwaggo ta dama fura, aka kira maƙwabta, kowa da saƙon addu'ar da za a yi masa a gaban Ka'aba, wata har da rubutawa a takarda don kada a manta sunan ɗanta. Na yi ta duban agogo, sannan na ga ba amfani, na zauna na sha furata. Inna ta miƙe ƙafa a tabarma, ta yi alwala a natse. Babu jirgin da zai ba ta wannan, ko da kuwa Yaya ya yi shatarsa.

Muka hau gadar Kwangila muka miƙa. Tashar Yari, sannan Kwanar Ɗangora, inda ka san ka shiga ƙasar Kano. Shinge uku ko huɗu muka tarar, da sun leƙo sun ga tsohuwa da carbi da akwatuna sai su ce Hajiya a sa mu a addu'a. Daga Kwanar Gafan zuwa Kadawa da Kura idonka zai huta da launin ƙasa-ƙasa na rani, domin ruwan madatsar Tiga ya sa ko'ina kore, tumatir da albasa da shinkafa, ga kwanduna jere a bakin titi. Inna ta sa na tsaya ta sayi tumatir kwando guda ta kai wa ƙanwarta, aka ɗora shi a cinyar ƙanwarmu, wadda ba ta yafe mini ba har yau. Nan da can kana hango aikin sabon layin dogo na Kaduna zuwa Kano da aka ƙaddamar a 2021. In Allah ya sa aka gama shi, ina ganin shi ne zai raba wannan gardamar, ba jirgin sama ba.

Da muka haye gadar Tamburawa na ce alhamdu lillahi mun iso. Inna ta ce, "Hangen Dala ba shiga birni ba." Kamar da bakin mala'iku ta faɗa. Daga Na'ibawa zuwa Ɗangi zuwa cikin gari muka faɗa cikin kogin A Daidaita Sahu, wanda mu a Kaduna muke ce wa keke, kuma na rantse nasu sun fi namu rashin tsoron Allah. 'Yan kilomitocin nan na ƙarshe sun ci mana minti arba'in da biyar, fiye da abin da taswirar Yaya ta ce jirgi zai ci daga Kaduna zuwa Kano gaba ɗaya. An fara kiran azahar muka tsaya a ƙofar gida a Kurna. Aka kamo Inna ta fito, ta ɗan dafa mota, ta taka da kanta ta shiga.

Ranar Alhamis bayan la'asar muka kai su filin jirgi, awa huɗu kafin lokaci kamar yadda mai kamfanin ya ce. Filin Kano shi ne mafi tsufa a ƙasar nan, tun a 1925 jirgin sama ya sauka a garin, kuma har yau in ka ga taron masu rakiyar matafiya Makka a harabarsa sai ka ce sallar idi aka taso. A bakin ƙofa na duba mita, na cire zagayen da muka yi a cikin Zariya da na Kurna, na ƙara abin da na auna ranar Asabar daga filin Kaduna zuwa gida. Ya kama kusan kilomita 250 daga ƙofar fili zuwa ƙofar fili. Hamsin kacal titi ya ɗara sama.

Muna tsaye wajen awon kaya aka yi sanarwa a lasifika cewa jirgin da ake jira daga Legas tun rana an sake ɗage shi saboda hazo. Na ɗauki hoton allon na tura wa Yaya ban rubuta komai ba. Akwatin Inna ya haura da kilo biyu, aka buɗe shi a gaban jama'a, ƙanwarmu ta zaro gorar man shanu da ƙullin daddawa ta miƙo mini tana harara. Wani matashi ya kawo keke, Inna ta zauna, ta kama hannuna ta ce in kwana a Kurna kada in kama hanya da dare, kuma ranar da za su dawo in zo da filon nan.